Amfanin Edita ga Marubuci: Darasi Daga Tarihin Talifin Hausa

Gabatarwa



Wannan lacca za ta yi magana ne a kan wani ma'aikaci wanda ba a cika ganin sunansa a bangon littafi ba, watau edita, mai tace rubutu kafin a kai shi maɗaba'a. Jama'a sun fi sanin editan jarida, wanda yake zaɓen labaran da za su fito, ya kuma rubuta sharhi. Amma wanda ake nufi a nan shi ne editan littafi, mutumin da sana'arsa ita ce ya karɓi kundi, watau rubutun da aka gama amma ba a buga ba, ya bi shi daki-daki, ya nuna wa mai shi inda ya yi rauni da yadda za a gyara.

Tambayar da za a amsa ita ce: idan mutum ya sha wahala ya rubuta kundi, ko na ƙagaggen labari, ko na tarihi, ko rahoton aikin hukuma, shin akwai dalilin da zai sa ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya biya wani ƙwararre ya duba masa? Amsar ita ce akwai, kuma tarihin talifin Hausa kansa ya isa shaida. Sai dai akwai iyaka ga aikin edita, wadda idan ya tsallake ta, gyara ya koma ɓarna. Za a zo kan wannan a gaba.

Dalilin da ya sa marubuci ba ya ganin kuskurensa

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A wajen rubutu wannan magana tana da dalili na zahiri. Marubucin da yake karanta abin da ya rubuta ya riga ya san abin da yake nufi, saboda haka idonsa yana kan takarda, amma abin da yake karantawa yana fitowa ne daga zuciyarsa. Idan ya tsallake kalma, sai zuciyar ta cike masa gurbin, ya wuce bai lura ba. Idan ya manta bai gabatar da wani mutum a babi na biyu ba, ba zai ji komai ba sa'ad da mutumin ya ɓullo a babi na bakwai, domin shi ya daɗe da saninsa. Mai karatu kuwa ba shi da komai sai abin da ke kan takarda. Ba zai iya tsayar da marubuci ya ce masa, "Malam, me kake nufi a nan?" kamar yadda mai sauraron hira yake yi ba.

Magabata sun gane wannan tun kafin zuwan boko. A makarantar allo, almajiri ba ya soma haddar abin da ya rubuta sai ya kai allon gaban malam an duba, an gyara wasali ko baƙin da ya kauce, domin kuskuren da aka haddace yana da wuyar kankarewa. Haka kuma masu kwafar littattafan ilmi da hannu suna da al'adar muƙabala, watau a kwatanta sabon kwafi da na asali, ɗaya yana karantawa ɗaya yana bi, har a tabbatar ba a yi ragi ko ƙari ba. Ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin raina ilmin mai rubutu. Abin da injin ɗab'i ya kawo shi ne yawaita illar kuskure: mai kwafa da hannu idan ya yi kuskure, kwafi ɗaya ya ɓata, amma idan aka buga littafi kwafi 2,000, kuskure ɗaya ya zama 2,000 a rana guda.

Aikin edita hawa huɗu ne

Mutane da yawa suna tsammanin aikin edita bai wuce sa aya da waƙafi ba. Gaskiyar magana aikin hawa huɗu ne, kuma ana bin su ne a jere, daga babba zuwa ƙarami.

Hawa na farko shi ne gyaran gini. A nan edita yana duban kundin gaba ɗayansa: daga ina ya fara, ina ya dosa, wane babi ne ya yi tsawo ba dalili, wane ne ya kamata a faɗaɗa, ina aka maimaita magana, ina hujja ta tsinke. Wannan shi ne gyara mafi tsada kuma mafi ciwo ga marubuci, amma shi ne mai iya sauya littafi ɗungum. Alal misali, a 1957 wata marubuciya ta ƙasar Amurka, Harper Lee, ta miƙa kundinta na farko ga wani kamfanin ɗab'i. Labarin wata budurwa ne da ta komo garinsu daga birni, tana tuna ƙuruciyarta jefi-jefi. Editar kamfanin, Tay Hohoff, ta lura cewa wuraren da ake tuna ƙuruciyar sun fi sauran labarin rai, sai ta shawarci marubuciyar ta sake gina littafin daga bakin yarinyar tun tana ƙarama. Aka shafe fiye da shekara biyu ana wannan aiki. A 1960 littafin ya fito da sunan To Kill a Mockingbird, ya ci babbar kyautar Pulitzer a 1961, ya shiga makarantu a ƙasashe da yawa. A 2015 aka buga kundin farkon kamar yadda yake, saboda haka duk mai so yana iya ajiye su biyun ya ga abin da shawarar edita ta haifar.

Hawa na biyu shi ne gyaran harshe, jimla bayan jimla. Edita yana neman jimlar da ta yi nauyi, da kalmar da aka sa ba a muhallinta ba, da wurin da marubuci ya yi tunani da Turanci ya zuba shi da kalmomin Hausa. Wannan ciwo ya fi kama 'yan boko da ma'aikatan ofis, waɗanda suke wuni cikin takardun Turanci. Za a ga kowace kalma ta jimlar Hausa ce, amma Bahaushen kasuwa idan aka karanta masa sai ya ce a maimaita.

Hawa na uku shi ne bin ƙa'idojin rubutu da tantance gaskiyar abin da aka faɗa. Ƙa'idojin rubutun Hausa ba a rana ɗaya aka same su ba. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubuta Hausa da boko a 1912. A cikin shekarun 1930 aka shigo da baƙaƙe masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, a maimakon ɗigo da sauran alamomin da ake amfani da su da farko. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, sa'an nan aka yi tarurrukan daidaita rubutu, ciki har da na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980. Duk wannan wahala an sha ta ne domin ma'ana ta fito ba tare da shakka ba. A ɗauki jimlar da wani zai rubuta a rahoto kamar haka: "Ma'aji ya bata kudin." Idan ana nufin ya ba ta kuɗin, to ma'aji ya sauke nauyinsa. Idan kuwa ana nufin ya ɓata kuɗin, to magana ta doshi kotu. Ƙugiya ɗaya da tazara ɗaya su ne tsakanin mutuncin ma'aikaci da zubewarsa. Haka "sun kara" da "sun ƙara", haka "ta fi" da "tafi", haka "a kan" da "akan".

A wannan hawa ne kuma edita yake kama kurakuran zamani da na tarihi. Idan mai ƙagaggen labari ya ce a 1965 tauraronsa ya sayi doki naira ɗari, edita zai tuna masa cewa naira ba ta fito ba sai 1 ga Janairu 1973, kafin nan da fam da sule ake ciniki. Idan ya ce an ɗauki wani aiki a Jihar Katsina a 1980, edita zai gaya masa cewa sai a 1987 aka cire ta daga Jihar Kaduna. Irin waɗannan abubuwa ƙanana ne a ido, amma da zarar dattijo ɗaya ya kama guda, ya daina yarda da sauran littafin.

Hawa na huɗu shi ne duba shafukan gwaji da maɗaba'a take fitarwa kafin a kunna inji: ko an tsallake layi, ko lambobin shafi sun dace da abin da ke cikin jerin babi-babi, ko baƙaƙe masu ƙugiya sun fito ko sun koma wasu alamomi. Wannan ne dubawa ta ƙarshe, bayanta sai dai haƙuri.

Abubakar Imam da Dokta East

Ba sai an tsallaka teku ba kafin a ga amfanin edita. Littattafan da aka fi alfahari da su a ƙagaggun labaran Hausa sun bi ta hannun edita ne kafin su fito.

An kafa Hukumar Fassara a 1929, aka mayar da ita Hukumar Talifi a 1933, tana zaune a Zariya a ƙarƙashin Dokta Rupert East. A 1933 East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana kwaɗaitar da malamai su shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida. Dukkansu East ya duba su ya shirya su domin bugu, kuma a Jiki Magayi hannunsa ya shiga sosai har aka buga sunansa tare da na Tafida a matsayin mawallafa.

Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, yana da shekara 22 ne a lokacin gasar, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. East ya ga basirarsa, sai a 1936 aka aro shi zuwa Zariya na kimanin wata shida domin ya rubuta littafin karatu na makarantu. East ya tara masa littattafan tatsuniyoyi da hikayoyi na Larabawa da na Turawa da na wasu al'ummu, Imam yana karantawa yana sake ƙera labaran su zama na ƙasar Hausa, yana kawo abin da ya rubuta suna tattaunawa, ana gyarawa. Sakamakon wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda har yau ake karanta su a makarantu, kusan shekara casa'in bayan rubuta su.

Akwai abin lura a nan. East ba zai iya rubuta Magana Jari Ce ba, domin barkwancin da ke ciki, da iya sarrafa karin magana, da sanin halin fada da na kasuwa, duk na Imam ne. Abin da East ya kawo shi ne idon mai karatu wanda ya san yadda ake gina littafi, da naci a kan a sake rubutu har sai ya zauna. Imam kuma bai ɗauki gyara a matsayin wulakanci ba. Ya ɗauke shi a matsayin koyon sana'a, kuma daga baya ya sha faɗin cewa ya koyi abubuwa da dama na rubutu daga East. Shi ya sa da aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Imam ne ya zama editanta na Hausa, watau wanda ake yi wa gyara ya zama mai gyara wa wasu. Hausar da wannan jarida ta yi ta bugawa shekara da shekaru tana cikin abubuwan da suka kafa daidaitacciyar Hausa.

Wannan tsari ya ci gaba a Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da hukumar NORLA wadda ta yi aiki a shekarun 1950 har aka rufe ta a 1959, da kamfanin NNPC na Zariya da aka kafa a 1966. Marubucin da ya kai kundinsa waɗannan wurare ba ya biyan edita ko kwabo, domin editan ma'aikacin gidan ne, albashinsa yana kan gidan.

Bayan da gidajen talifi suka ja baya

A shekarun 1980 tattalin arzikin Nijeriya ya shiga matsi, darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, sai manyan kamfanonin ɗab'i suka fi mayar da hankali ga littattafan da makarantu suke saye. Amma marubuta ba su ajiye alƙalami ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa maza da mata, musamman a Kano, suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu suna kai wa kasuwa. Daga cikinsu akwai Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, kuma wannan yunƙuri ya jawo dubban mutane, musamman matan aure, cikin karatun Hausa. Wannan alheri ne babba da ba mai musunsa.

Sai dai a sabon tsarin an sami giɓi. Kundi yana tashi daga hannun marubuci zuwa mai buga tafireta ko kwamfuta, daga nan zuwa inji, ba wanda ya tsaya a tsakani. Shi ya sa sukar da malaman jami'a suka fi yi wa littattafan wannan zamani ita ce ta rashin bin ƙa'idojin rubutu da sakin zaren labari. Yawancin abin da aka soka aikin edita ne da ba a yi ba, domin basirar ƙaga labari tana nan. A yau kuwa, da marubuci yake iya rubuta babi a wayar hannu ya watsa shi a daren, giɓin ya ƙara faɗi.

Ma'anar wannan ita ce, marubucin da ya zaɓi ya buga littafinsa da kansa ya zama shi ne kamfanin ɗab'in. Duk nauyin da Kamfanin Gaskiya yake ɗauka a da ya dawo kansa, har da nauyin samo edita. Idan ya biya mai takarda, ya biya mai inji, ya biya mai zanen bango, ya bar edita, to ya biya kuɗin duk abin da ke kewaye da rubutun, ya bar rubutun kansa ba gyara.

Iyakar edita

Ba za a yi adalci ba idan aka ɓoye cewa edita yana iya yin ɓarna. Akwai wani marubucin gajerun labarai na Amurka, Raymond Carver, wanda editansa Gordon Lish ya yanke fiye da rabin kundin littafinsa na 1981, ya sauya sunayen wasu labaran, ya sake ƙarshen wasu. Carver ya roƙe shi a wasiƙa kada a buga littafin a haka, amma aka buga. Littafin ya yi suna, sai dai bayan rasuwar Carver a 1988 aka yi ta gardama a kan salon wane ne mutane suke yabo, har aka buga labaran na asali a 2009. Garin neman gira ana iya rasa ido.

Ko a tarihin Hausa akwai abin dubawa. East ma'aikacin ilmi ne na gwamnatin mulkin mallaka, littattafan da yake nema na makaranta ne, saboda haka abin da yake ganin ya dace da ɗalibi shi ne yake wucewa. Masana adabi sun nuna cewa wannan ya yi tasiri a kan irin labaran da aka buga a wancan zamani da irin darussan da suke ƙarewa da su. Duk edita yana da ra'ayi, kuma wajibi ne marubuci ya san da haka.

Akwai wurare uku da editan Hausa ya kamata ya taka a hankali. Na farko karin harshe. Idan marubuci ya sa Basakkwace yana magana da Sakkwatanci a cikin labari, ko ya sa mutumin Bauci yana magana yadda ake yi a can, wannan gwaninta ce, kuma editan da ya mayar da kowa Bakano ya kashe labarin. Na biyu waƙa. Rubutacciyar waƙa tana tafiya ne bisa kari da amsa-amo, sauya gaɓa ɗaya yana iya karya baiti, saboda haka wanda bai san aruli ba kada ya taɓa ta. Na uku bambancin ƙasa. Akwai 'yan bambance-bambance tsakanin rubutun Nijeriya da na Nijar, kamar baƙin ƴ da ake amfani da shi a Nijar inda Nijeriya take rubuta 'y, don haka sai edita ya san inda littafin zai tafi kafin ya ce an yi kuskure.

Ƙa'idar da ta tattara wannan duka ita ce: littafi na marubuci ne, sunansa ne a bango, shi zai amsa yabo ko zargi. Edita mai ba da shawara ne, kuma magana ta ƙarshe tana hannun mai littafi.

Uzurorin da akan kawo

Uzuri na farko shi ne kuɗi. Lalle aikin ƙwararre ba kyauta ba ne, kuma yawancin marubuta ba masu hali ba ne. Amma a auna kuɗin edita da asarar bugun da aka tara a ɗaki ba mai saye, ko littafin da hukumar ilmi ta ƙi sa shi cikin manhaja saboda kurakuran rubutu. Araha ba ta ado. Wanda ƙarfinsa bai kai ga hawa huɗun ba, ya biya na biyu da na uku, ko ya rage yawan kwafin da zai buga a karon farko.

Uzuri na biyu shi ne, "Ai na ba abokina ya karanta, ya ce ya yi kyau." Aboki yana karantawa ne da ƙauna, yana kuma jin nauyin faɗin abin da zai ɓata rai. Malamin makaranta ma yana iya kama kuskuren nahawu, amma tace littafi sana'a ce dabam da koyarwa. Wanda aka biya, aka yi yarjejeniya da shi, dole ne ya karanta kowane layi, kuma kunya ba za ta hana shi faɗin gaskiya ba.

Uzuri na uku shi ne kwamfuta tana gyara. Manhajar duba rubutu tana iya nuna kalmar da ba ta sani ba, amma "kasa" da "ƙasa" duka kalmomi ne, "bata" da "ɓata" ma haka, kuma na'ura ba ta zauna da marubuci ta ji abin da yake nufi ba. Tana taimakawa a aikin share fage, amma hukunci na mutum ne.

Uzuri na huɗu ba a cika faɗinsa a fili ba, shi ne girman kai. Wanzami ba ya son jarfa, kuma manyan malamai da manyan ma'aikata sun fi kowa jin zafin jan alƙalami a kan rubutunsu. Ga waɗannan sai a tuna musu cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Yadda ake ɗaukar edita

Kada marubuci ya kai kundi ranar da ya gama shi. Ya ajiye shi na 'yan makonni, ya sake karantawa da babbar murya, ya gyara duk abin da yake iya gani da kansa, domin kada ya biya kuɗi a kan aikin da zai iya yi. Sa'an nan ya nemi wanda ya taɓa tace irin wannan rubutu, ya ga littattafan da suka bi ta hannunsa, ya ba shi babi ɗaya na gwaji. Daga wannan babi zai gane ko mutumin yana gyara ne domin muryar marubuci ta fito, ko yana neman mayar da rubutun irin nasa.

Idan an daidaita, a rubuta yarjejeniya: wane hawa na gyara ake so, nawa ne lada, yaushe za a gama, da sharaɗin cewa kundin amana ne, ba za a nuna wa kowa ba. Marubuci ya riƙe kwafinsa na asali. Kowane gyara a yi shi a fili, da jan alƙalami ko da alamar da kwamfuta take nunawa, yadda mai littafi zai ga abin da aka taɓa, ya karɓa ko ya ƙi.

Ga ɗalibai akwai ƙarin gargaɗi. Kundin neman digiri jarrabawa ne, tunanin da ke ciki da tsarin hujjojinsa dole su zama na ɗalibi da jagorancin malamin da ke duba shi. Iyakar abin da wani na waje zai taɓa shi ne harshe da ƙa'idar rubutu, shi ma bayan an duba abin da dokar jami'a ta yarda da shi. Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, takardun da ake fassarawa domin jama'a, na kiwon lafiya, da na aikin gona, da na zaɓe, su ne suka fi kowane littafi bukatar edita, domin wanda zai karanta su zai yi aiki da abin da ya karanta, a jikinsa ko a gonarsa.

Kammalawa

An nuna cewa marubuci ba ya iya ganin rubutunsa kamar yadda baƙo zai gan shi, kuma manyan littattafan Hausa na farko sun samu ne daga haɗuwar marubuci mai basira da edita mai naci. An nuna kuma cewa tun da gidajen da suke ɗaukar nauyin wannan aiki suka ja baya, nauyin ya koma kan marubuci. Abin da ya rage shi ne a sami mutanen da za su iya aikin. Sassan koyar da Hausa na jami'o'i suna yaye ɗalibai kowace shekara waɗanda suka san nahawu da ƙa'idojin rubutu. Da za a koya musu tace littafi a matsayin darasi mai zaman kansa, a tura su maɗaba'u su ga yadda ake aiki, da marubuta sun sami wanda za su ɗauka, ɗaliban kuma sun sami sana'a. Haka nan ma'aikatun da suke buga takardu da Hausa ya kamata su ware kuɗin edita a cikin kasafin kowane bugu, kamar yadda suke ware na takarda da tawada.

 Yanzu fili ya buɗe domin tambayoyi da ƙarin bayani.